Albasar Da Na Zaɓa Wa Illo

Ku da kuke zuwa garka a kan moto, ku tayar da injin ban ruwa, ruwa ya bi tiyo ya shiga fangali kuna zaune kuna danne-dannen waya, ku ne kuke cewa fitar da irin albasa ba sana'a ba ce. Wai a binne albasa, ta yi fure, a karkaɗe, a sayar, shi ke nan. Shekaranjiya ma wani daga cikinku ya faɗa yana dariya, ya ɗauka kunnena ya tafi tare da haƙorana. Kunnen yana nan daram. Sunana Nomau, a fadamar Sabon Gida aka haife ni, kuma na fara wannan aiki tun uban mai dariyar bai san hanyar garka ba. Ku gyara zama.

Ina yaro, ban kai in ɗora wa jaki kaya ni kaɗai ba, babana ya tafi da ni kasuwar Madawa. A ranar na ga wani tsoho a gindin rumfa, babu tulin kaya a gabansa, sai 'yar jakar tsumma da ƙaramin kofin shayi. Masu tulin albasa suna ta ihu suna kiran mutane, shi ko baki bai buɗe ba, amma masu manyan riguna su ne durƙushe a gabansa. Wani baƙo ya tare babana, ya ce daga Keita yake, ya tambaye shi, "Don Allah, ina aka samun irin Abarshi?" Tsohon nan yake nufi. Bai taɓa ganinsa ba, bai san ko dogo ne ko gajere ba, amma ya yi tafiyar kwana biyu da sunansa a baki.

Abin da ya shiga raina ke nan bai ƙara fita ba. Tsararrakina kowa da burinsa. Wannan direban kamiyo, babbar motar kaya, wancan soja, wani kuma ba ya mafarkin komai sai Abijan. Ni abu ɗaya na sa a gaba, har na yanka wa kaina wa'adi: kafin furfura ta fito mini a gemu, sai wani da bai san ni ba ya tsaya a tsakiyar kasuwar Madawa ya tambayi irin Nomau. Ba gona nake nema ba, ba raƙumi ba, wannan kawai.

Na yi ta damun babana har ya sayi goro ya kai ni wurin Baba Abarshi. A can na tarar da Illo. Tsarana ne, ya riga ni zuwa da damina ɗaya, siriri, marar magana, in ka aike shi ɗebo ruwa sai ka yi gyangyaɗi kafin ya dawo. Na dube shi sama da ƙasa na ce wannan ba zai tare mini hanya ba. Ashe shi zai tare ta har tsufana.

Zaɓen uwa shi ne aikin farko da Baba ya bar mu muka taɓa. Ga wanda bai sani ba, iri shekara biyu yake ci. Shekarar farko ka yafa, ka yi dashe, ka yi ban ruwa har albasa ta nuna, kamar kowane manomi. Ranar cira, kafin a cika buhu ko ɗaya, mai iri zai bi tuli ya ware waɗanda za su haifi iri na gaba. Su muke kira uwaye. A kai su rudu, ɗakin karan nan mai dandamali da ake ajiye albasa, su zauna a ciki duk bazara da damina. Wadda ta fito da rai, da kaka a yanke mata kai da wuƙa mai kaifi, kashi ɗaya cikin uku, a shafa toka a wurin yankan, a sake binne ta. Ita ce za ta yi kara, ta yi farin fure, ƙudan zuma ya sauka a kai, sannan a samu baƙin irin nan da kuke rainawa.

Baba ya zube mana tuli a kan tabarma ya ce kowa ya cika kwando. Kafin ya gama tauna goronsa na cika nawa da manya-manya, jajaye masu sheƙi. Illo kuwa sai ya ɗauki ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya juya ta, ya murza ɓawon, ya ajiye, ya ɗauki wata. Sai da ƙafata ta yi tsami don jira. Baba ya leƙa kwandunan biyu.

"Nomau," ya ce, "kai ido ka zaɓa maka. Illo, hannu ka zaɓa mishi."

Na ce, "To wane yaf hi, Baba?"

"Bari damana ta wuce ka gani da kanka."

Damina ta wuce muka buɗe rudu. Rabin kwandona ya narke yana wari. A na Illo uku kaɗai suka lalace. Baba bai yi mini faɗa ba, sai ya miƙa hannu ya dafa kan Illo. Kan Illo aka dafa, amma ni na ji nauyin. Ranar na fara kishinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau ban gama ba.

Akwai wata rana da muka wuni a duƙe muna tuge albasa masu fure daga fangalin shekarar farko. Wasu sukan yi gaggawa, su fitar da kara tun ba su yi ƙwai ba. Irinsu yana da kyan gani kamar kowane iri, kuma ka same shi shekara guda kafin lokaci. Amma wanda ya shuka shi, fure zai girba maimakon albasa. Baba sai ya sa mu tuge su mu watsa wa awaki, yana tsaye a kanmu don kada mu bar ko guda. Wasunku yanzu su kuke tarawa ku sayar, wai kun rage hanya. Ba hanya kuka rage ba, shekarar wani kuka cinye.

Ga kuma wankin iri. In kawunan fure suka bushe, ka bi su da wuƙa da sanyin safiya kafin su fashe, ka shanya a inuwa, ka murza da tafin hannu, ka sheƙe a faifai. Sannan ka zuba a ƙwaryar ruwa. Abin da ya nutse shi ne iri, abin da ya taso sama fanko ne, ka kwashe ka zubar. Dole hannu ya yi sauri, in ya jima a ruwa ya lalace. Wannan wurin na fi Illo, na fi shi nesa ba kusa ba, amma Baba bai taɓa dafa kaina ba.

Dalilin duk wannan wahala, mai sayen iri ba kamar mai sayen riga ba ne da zai gwada a gabanka. Ya karɓi kofi biyu, ya ƙulle a bakin rawani, ya tafi garinsu. Sai bayan wata huɗu ko biyar, ya gama zuba ƙarfinsa da ruwansa da takinsa, sannan zai san abin da ka ba shi. Shi ya sa ba ƙwayar yake saya ba, sunan mai ita yake saya.

Da ƙarfin Baba ya ƙare, ya kira mu mu biyu. Ya raba uwayensa gida biyu daidai, ya tura wa kowa nasa.

"Abu guda nika roƙon ku," ya ce. "Wanga iri, tun kakana ba shi taɓa yankewa ba. In na guda daga cikinku ya ɓaci, ɗan'uwanai shi ba shi. Kuma ba saura ba, daga wadda ka aje ma kanka. Kun ji?"

Muka ce mun ji. Ya sa muka maimaita, muka maimaita. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Illo ya ci gaba da matsa wuyan albasa yadda aka koya masa. Ni kuwa na duba kasuwa. A lokacin, manomi yana cira yana sayarwa, kuma kowa babbar albasa yake so, wadda take cika buhu da wuri. Sai na dinga ware manya daga cikin manya, shekara bayan shekara, har na samu wadda uku suke cika hula. Matsalarta ɗaya, ruwa ya yi mata yawa, ba ta jure zaman rudu a fadama. Maimakon in canza zaɓe, sai na canza wuri. Ina da kawu a Deule, Kawu Jadi, gidansa a kan tudu cikin duwatsu, iska tana ratsa shi ta ko'ina. A can na yi ruduna. Duk ƙarshen cira sai in ɗora uwayena a jakuna in haura da su. Mutane suna yi mini dariya, wai Nomau ya kai albasarsa ziyarar dangi. Na bar su da dariyarsu, don a can tudu manyan nan nawa suna fitowa lafiya.

Abin ya fara tafiya. A ƙauyuka biyu ko uku aka fara cewa "ta Nomau". Ba a kai Madawa ba tukuna, amma na ji ƙanshin abin. Sai dai duk inda aka ambace ni, sai wani ya ƙara da cewa, "Ta Illo ma ba laihi." Wannan "ma" ɗin yana hana ni sakat.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa aka yi kamar ba za a daina ba, fadama ta cika ta batse, ruwa ya kwanta kwana da kwanaki a ƙarƙashin rudu. Wanda ruwa bai ci ba, danshi ya ci. Tun daga bakin gari kake jin warin ruɓaɓɓiyar albasa. Masu iri da yawa a shekarar suka bar sana'ar. A rudun Illo ruwa bai bar masa ko ta miya ba. Da labari ya iske ni na ce inna lillahi a baki, amma cikina fari ƙal. Na lissafa cewa bana babu mai uwa a fadama sai ni, baɗi kuma babu sunan da za a kira sai nawa.

Da kaka ina Deule ina fitar da uwaye, da hantsi, sai ga Illo da jakinsa da mangala babu komai a ciki. Ya rame. Muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce:

"Nomau, ka san abin da yak kawo ni."

"Na sani."

"In da hali. In babu, ba komi."

Hali akwai. Rudu cike yake da manyan uwayena, suna ƙyalli. Alkawarin Baba kuma yana kunnena, kuma Kawu Jadi yana zaune a kan dutse yana kallonmu, ba dama in ce babu. Sai idona ya sauka a kusurwa. Duk shekara nakan haɗo wa gidan kawu ƙananan da na tsame daga tuli, waɗanda ban ga sun isa zama uwa ba, don a yi miya da su. Ƙanana ne, masu tauri kamar dutse, wuyansu siriri, ɓawonsu ninki-ninki. An ci an ci, saura suna nan a zube, ba wanda ya taɓa juya su tun bazara.

Na ce wa Illo ya huta a inuwa, ni zan zaɓa masa da hannuna. Na shiga na duƙa a kusurwar nan. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma in na ga wadda ta ɗan yi girma sai in mayar, in ɗauki wadda ta fi ta ƙanƙanta. Abin da nake so shi ne duk wanda ya sayi irin Illo baɗi ya girbi 'yan mitsi-mitsi, ya tsine masa, ya dawo wurina. Na cika masa mangala har tana zuba, don a ga na yi kyauta. Ko a raina ban tsaya na tambayi kaina ba, me ya sa waɗannan da aka yasar a ƙasa babu ko ɗaya da ta ruɓe.

Illo ya ɗauki ɗaya, ya matsa wuyanta, ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Allah shi saka da alheri," ya kora jakinsa ya gangara.

Shekara biyu lissafina ya yi daidai. Irina ya ƙare tun kafin in kai shi kasuwa, na Illo kuwa sai wanda ya rasa nawa. Amma duniya tana juyawa ban lura ba. Manyan kamiyo suka yawaita a bakin gudiro, wato titin kwalta, suna lodin albasa zuwa ƙasashen bakin teku, tafiyar kwanaki cikin zafi da danshi. Manoma kuma suka gane cewa wanda ya sayar ranar cira shi ne ya yi wa wani noma, gara a zuba a rudu a jira ta yi daraja. Nan asirin tawa ya tonu. Ni ina da tudun Deule, amma masu sayen irina a fadama suke ajiya. Iskar da na ɓoye aibin albasata da ita, su ba su da ita.

Wani mutumin garin Buza da ya shekara huɗu yana saye a wurina ya zo har gida. Bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Ya ce, "Malam Nomau, albasakka kyau gare ta, amma ba ta da ƙashi. Na buɗe rudu nit tarad da kunu. Ina gidan Illo?" Ni da bakina na kwatanta masa.

Su kuwa ƙananan nan, Illo ya zauna da su da haƙurinsa. Duk shekara ya matsa wuya, ya murza ɓawo, ya bar su a fadama danshi ya tace masa su, wadda ta tsira ita ce uwa. A hankali suka ɗan ƙara jiki, taurin kuma bai tafi ba. Direbobi suka fara cewa in ba ita ba ce ba za su loda ba. Wannan aikinsa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma tushen fa daga kusurwar ruduna ya fito, da hannuna na tsince shi.

Ranar da nake jin tsoro ta zo a kasuwar Madawa. Ina zaune da jakata da kofina, gemuna ya riga ya fara fari, sai wani baƙo ya tsaya a kaina ya yi sallama, ya ce, "Baba, don Allah ina aka samun irin Illo?" Na nuna masa da haɓa, na naɗe jakata na tafi gida tun azahar ba ta yi ba. Bayan nan Illo ya je Makka, aka koma cewa irin Alhaji Illo. Ni dai Illo nake ce masa, kuma in na hango shi a hanyar masallaci sai in tuna ina da uzuri a wata hanya.

Matata Hajara ta san daga wurina ya samo uwaye, amma ba ta san waɗanne ba. Ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano ba na ci.

"Kai ko malam, mi ah hana ka hwaɗi?" ta ce. "Kowa ya san shekarar ruwa ba shi da ko guda. Irinka na. Tashi ka gaya ma mutane."

Na ce mata ta bar maganar. Ta yaya zan faɗa? In na ce nawa ne, za a ce to me ya sa naka na gida bai yi kama da shi ba? Daga nan sai a gane albasar miya na ba ɗan'uwana a ranar da ya zo mini hannu biyu. Sunan yana nan a gabana, amma ba zan iya ɗaukarsa ba sai na ɗauki wannan tare da shi.

Da abin ya kai babu mai tambayar irina ko da kuskure, wata safiya na fito na ga amalanke a ƙofar gida, cike da uwaye. Mai amalanken ya ce Alhaji ne ya ce a sauke a nan. Na ɗauki ɗaya na matsa. Na ɗauki wata. Wallahi babu ta yarwa a ciki, daga wadda ya ajiye wa kansa ya ɗebo. Na so in mayar, sai na tuna akwai bakunan da za su ci abinci a gidan. Na yanke musu kai na binne ina cizon yatsa. Su nake nomawa har yau.

Bara waccan, kuperatib ɗinmu, ƙungiyar masu albasa, ta yanke shawarar a dinga zuba iri a sashe, 'yar ledar nan da ake liƙewa, a buga suna a jiki, don masu algus sun yi yawa. Shugabanta Sa'idu, wanda da yawanku kuka sani, ya kira ruyuniyo, wato taro, a gindin itacen bedi bayan la'asar. Kowa ya san sunan da za a buga, an zo ne kawai a tafa. Ni ma don kada a ce ƙyashi ya hana ni zuwa na je, na zauna can baya.

Sai Illo ya miƙe da sandarsa.

"Jama'a, ku dakata," ya ce. "Wanga iri da kuka kira da sunana, ba ni nif hitar da shi ba. Shekarar ruwa ban da ko albasa guda. Nomau yab ba ni. Shi yash shiga rudu da kainai, yaz zaɓa min guda-guda. In suna za a sa, nashi ya kamata."

Aka juyo gaba ɗaya ana kallona. Abin da na sa a gaba tun ina bin babana kasuwa, ga shi an miƙo mini a gaban jama'a, har da takarda. Sa'idu ya ɗauki biro ya matso kusa da ni, fuskarsa cike da murna.

"Ashe haka na, Baba Nomau! To gaya muna, mu yara mu ƙaru. Lokacin kowa babba shika so. Mi kag gani ga ƙananan ga hal kaz zaɓe su?"

Amsar tana bakina a shirye. In ce na ga siririn wuya, na ga kaurin ɓawo, na hango zamani zai canza. Duk gaskiya ne game da albasar, kuma na fi kowa iya faɗinsa. Kawu Jadi ya daɗe da rasuwa, babu mai ƙaryata ni. Na dubi Illo, yana jingine da sanda yana kallon ƙasa. Sai na tuna mutumin da zai sayi sashen nan a wani gari, ya karanta suna, ya zuba shekararsa a kai. Na shekara arba'in ina gaya wa mutane cewa abin da na ce yana cikin kofi, shi ne a ciki.

Na ce, "Ban ga komi ba, Sa'idu. Na miya na. Waɗanda ban so su nib ba shi, don irinai shi ɓaci a bar sayen nashi. Manyan na aje ma kaina."

Wani tsoho ya ce subhanallahi a hankali. Sa'idu ya tsaya da biro a sama, bai san inda zai sa idonsa ba. Na ce masa, "Rubuta Illo," na tashi na nemi takalmina.

Ban yi nisa ba na ji ƙarar sanda a bayana. Illo ne, yana ta haki, don tafiyar sauri ba tasa ba ce tun yana yaro. Na tsaya ban juyo ba.

"Nomau, mi yas sa ka hwaɗi?"

"Kai dai ka ji abin da ba ka sani ba."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar. Wuri guda munka yi koyo, kana zaton ban san albasam miya ba? Hal na gangaro daga Deule ina hawaye bisa hanya. Amma da nim matsa su nij ji suna da rai, sai nic ce to, abin da Allah yab ba ni ke nan."

Na juyo na dube shi. "To da ka sani, don mi kat tashe ni gaban mutane?"

"Don ka samu abinka. Tun muna yara kaka son shi, ni ban taɓa damuwa da shi ba. Da ka ce ka hango, wallahi ban cewa uffan hal in mutu."

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya fi ni hannu, na haƙura. Ya fi ni suna, na haɗiye. Ashe duk shekarun nan da nake kauce masa a hanyar masallaci, yana ɗauke da abin da na yi masa, bai gaya wa ko matarsa ba, har yana neman hanyar da zai ba ni kyautar sunan a kai. Na tsaya ina neman hali ɗaya na kirki, ko ƙarami, da zan ce na fi shi, ban samu ba.

Ya miƙo mini hannu. Na karɓa, don mutane suna kallo daga gindin bedi. Muka taka tare har mararraba, yana ba ni labarin ƙwarin da suka dame shi a fure bana, yana tambayata ko ina da dabara. Ina da ita, na kuma gaya masa, ta gaskiya.

Da na isa gida Hajara ta riga ta ji, labari ya fi ni sauri. Ta ajiye mini ruwa ta koma ɗaki. Albasar miyar nan na roƙi Allah gafara a kanta, na roƙi Illo, ya ce ya yafe tun a gangaren Deule. Ni ne dai har yanzu ban iya yafe masa ba.